A Janye Hannu Daga Karnukan Teku, Cuta Ta Shiga Cikinsu

A watan Yunin 2024 hukumar lafiyar dabbobi ta lardin Western Cape a Afirka ta Kudu ta tabbatar da abin da ba a taɓa gani ba: cutar haukan kare ta shiga cikin karnukan teku, tana yawo daga wannan zuwa wancan. Zuwa watan Satumba na shekarar an samu cutar a jikin 24 daga cikinsu, waɗanda aka tsinta a mace ko aka kashe a gaɓar yamma da ta kudu. Dabbobin nan sun kai kusan miliyan 2, a warwatse tun daga kudancin Angola, ta Namibiya, har zuwa gabashin Afirka ta Kudu, don haka babu mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da allura. Masana na can sun daina maganar kawar da cutar, sun koma maganar yadda za a zauna da ita. A daidai wannan lokaci kuma murar tsuntsaye, wadda muka ɗanɗana ɗacinta a gonakin kajinmu, ta riga ta kashe 'yan'uwansu dubu-dubu a Kudancin Amurka. Kowacce cikin cututtukan nan biyu tana kama ɗan Adam.

Wani zai ce ina ruwan Bakano ko ɗan Damagaram da dabbar da ba ta taɓa leƙa Kogin Kwara ba. Da ruwanmu ƙwarai. 'Ya'yanmu suna karatu a Cape Town da Stellenbosch, suna Ingila da Ailan da Holan da Jamus da Amurka. Ma'aikata suna zuwa taro da kwas, 'yan kasuwa suna zuwa sari, masu hali suna kai iyali hutu. Ranar da babu aiki sai a kwashe baƙi a mota a kai su bakin teku, kuma cikin wuraren da ake alfahari da nunawa akwai ƙananan cibiyoyin da ake jinyar karnukan teku da zakunan teku da suka ji rauni. Mutumin da ya tashi a bakin teku ya san dabbar tun yana yaro, an sha ja masa kunne a kanta. Namu kuwa ranar ce farkon ganinsa da ita. Yana ganin manyan idanu baƙaƙe da gashin baki da ƙaramin jiki sumul, sai tausayi ya kama shi, hannu ya tafi kafin tunani ya iso. Wannan hannun nake roƙo a janye.

Karen teku, wanda Turawa ke kira sil, ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, macen tana haihuwa a tudu ta shayar da ɗanta nono. Zakin teku ɗan'uwansa ne, ana gane shi da 'yan kunnuwa a waje da yawan haushi da iya takawa a ƙasa da gaɓɓansa huɗu, kuma na Afirka ta Kudu daga ɓangaren masu kunnen suke. Wanda ya san ayu na Binuwai kada ya auna su da shi. Ayu ciyawa yake ci, ba ya neman kowa da faɗa. Waɗannan maciya nama ne, dangin kare na nesa, da fiƙoƙi masu tsini, namijin Afirka ta Kudu yakan kai kilo 300, kuma yana da zafin nama a kan duwatsu fiye da yadda ƙibarsa take nunawa.

Cibiyoyin nan galibinsu da mutum ɗaya mai tausayi suka fara. A 1958 Ken Jones ya tsinci wani jaririn karen teku a bakin ruwan St Agnes a Cornwall ta Ingila, ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, aikin ya yi ta girma har ya koma ƙauyen Gweek a 1975. A Pieterburen ta Holan, Lenie 't Hart ta fara nata a bayan gidanta a 1971. Cibiyar Sausalito da ke Kalifoniya an kafa ta a 1975 a wani tsohon sansanin makamai masu linzami. Akwai ta Courtown a Ailan, da ta Friedrichskoog a Jamus, da ƙarama a tashar masunta ta Hout Bay kusa da Cape Town. Abin da ake kawo musu kusan iri ɗaya ne ko'ina: jarirai da suka rabu da uwa, waɗanda tsutsa ta cika wa huhu, waɗanda zaren koma ko igiyar roba ta shaƙe wa wuya tana nutsewa cikin nama yayin da suke girma, har da waɗanda aka harba da bindiga. Mutanen da ke wannan aiki, yawancinsu 'yan sa kai, sun cancanci yabo da taimako. Ba na cewa a ƙaurace musu, da kuɗin masu ziyara da sadakarsu suke sayen kifi da magani.

Sai dai a san inda aka shiga. Asibiti ne, kuma duk dabbar da ke cikinsa ba don tana da lafiya aka kawo ta ba. A duba yadda ake ciyar da sabon jariri da safe. Ma'aikaci zai sa dogon takalmin roba da rigar leda da safar hannu, ya tsoma ƙafafunsa a kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke bakin ƙofa. Zai jefa wa jaririn tawul a kai, ya durƙusa ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe kan da hannu biyu, na biyu kuma ya zura masa siririn tiyo ta baki har ciki ya ɗura masa markaɗaɗɗen kifi da babban sirinji. Ba sa yi masa magana, ba sa shafa shi. Idan sun gama sai su sake tsoma ƙafa a maganin kafin su shiga ɗaki na gaba. Da ya fara ci da kansa, daga bayan katako ko bango ake jefa kifin cikin kududdufi don kada ya haɗa fuskar mutum da abinci. Mutanen da suka yi shekaru suna wannan aiki ke nan, waɗanda suka fi kowa ƙaunar dabbar, kuma ga irin kaffa-kaffan da suke yi. To ina ga baƙon da ya iso da tsakar rana da waya a hannu yana neman ya zura yatsa ta cikin raga?

Labarin Cape Town ya kamata a ji shi daki-daki, saboda yadda cutar ta ɓuya shekaru ana kallonta. Tun ƙarshen 2021 masu iyo da masu wasan igiyar ruwa suka fara kawo ƙarar cewa karnukan teku sun canza hali. Dabbar da a da take wasa da mutane a ruwa ko ta kauce musu, sai ga ta tana bin su da cizo. A Janairun 2023 wani karen teku ya kai wa yaro farmaki a bakin ruwan Clifton, ya kuma ciji wata mata da ke iyo, mutane suna ɗauka a waya. Da farko an ɗora laifin a kan wata guba da ƙananan tsirran ruwa ke fitarwa, wadda kifi ke ci ta taru a jikinsa ta taɓa ƙwaƙwalwar mai cinsa. Zargin ba na banza ba ne, gubar tana rikita zakunan teku a Kalifoniya tun 1998. Haukan kare kuwa babu wanda ya sa shi a gaba, domin a tarihi sau ɗaya tak aka taɓa samunsa a karen teku, a tsibiran Svalbard na Norwe a 1980, kuma bai yaɗu ba.

Sai a watan Mayun 2024 wani kare a Cape Town ya kamu da cutar, aka yi zargin karen teku ne ya cije shi. Daga nan aka duƙufa gwada karnukan tekun. Wata ƙungiyar bincike mai suna Sea Search, ƙarƙashin Dakta Tess Gridley, ta daɗe tana ajiye ƙwaƙwalen waɗanda suka mutu, aka koma aka gwada su, sai aka ga cutar a samfurin da aka ɗauka tun Agustan 2022. Wato kusan shekara biyu ana iyo da su, ana ɗaukar hoto da su, ana tsintar marasa lafiyarsu ana kai wa masu jinya, ba a san abin da ke cikin yawunsu ba. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta fi kama da wadda ke jikin dila a Namibiya, inda diloli ke shiga cikin garken karnukan teku suna farautar jarirai. Sama da mutum 70 aka ƙirga an ciza ko an yakusa tun 2021. Zuwa lokacin da aka fitar da wannan adadi ba a samu ko ɗaya da ya kamu ba, alhamdu lillahi. Amma wannan ba lasisin sakaci ba ne, cutar da ta kama kare ta hanyar cizo babu abin da ya nuna za ta ƙyale mutum.

A tashar Hout Bay akwai wani abu da baƙi suke tururuwar gani, kuma shi na fi jin tsoro. Mutum zai zauna a bakin gaɓa da bokitin guntayen kifi. Ya ɗauki ɗaya ya riƙe da haƙoransa, ya sunkuya, sai wani ƙaton namiji ya miƙe ya fizge kifin daga bakinsa, gashin bakin dabbar yana goga masa fuska. Jama'a su tafa, a miƙa masa 'yan kuɗi, sannan ya yafito baƙo ya zo ya dafa bayan dabbar a ɗauke shi hoto, wani har ya tsayar da ɗansa ƙarami a gefenta. Dokar ƙasar ta hana ciyar da su da taɓa su. Masu yin abin talauci ne ya kai su, ban ga amfanin zaginsu ba, amma kuɗin baƙo ne ke raya sana'ar. Kada wani ya ruɗe ku da cewa wannan ma ceto ne, ko wai dabbar ta saba da mutane. A 2024 hukumar birnin ta fara yi wa irin waɗannan na tashoshi allurar rigakafi, wasu kamfanonin da ke kai mutane iyo da su a tsibirin Duiker sun dakatar da harkar, amma baƙon da ke tsaye a gaɓa ba shi da hanyar gane wanda aka yi wa allura da wanda ya iso daren jiya daga teku.

Mu mun san haukan kare, ba sai an ba mu labari ba. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana shiga ta yawu, ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Idan cizon a fuska ne ko wuya ko yatsu tafiyarta ta fi sauri, shi ya sa yara suka fi shiga haɗari, fuskarsu daidai bakin dabbar take. Da zarar alamu sun bayyana, zazzaɓi da ruɗewa da tsoron ruwa da dalalar da yawu, kusan babu mai tashi. Kafin su bayyana kuwa ana iya tare ta gaba ɗaya. Duk maganar tana cikin wannan tazara.

Ga inda matafiyinmu ya fi ɗan ƙasa shiga hatsari. An ɗan yakushe shi a yatsa ranar Asabar, jini kaɗan ya fito, ya goge da hankici. Jirginsa Litinin ne, ga sayayya ba a gama ba, ga tsoron kuɗin asibiti a ƙasar waje. Ya ce ai ba kare ba ne. Ya sauka Abuja ko Kano ko Yamai, ciwon ya warke, zancen ya shige. Bayan wata biyu zazzaɓi ya taso, a yi maganin cizon sauro, a yi na taifot, jiki ya rikice a ce iska ce ko sammu. Likitan da zai tambaya ko kare ya cije shi za a ce masa a'a, kuma gaskiya aka faɗa. Babu likitan da zai yi tunanin tambayar karen teku a garin da ke da nisan kilomita 1,000 daga teku. Allah ya kiyaye, amma hanyar a buɗe take.

Saboda haka duk wanda aka ciza, ko aka yakusa, ko dabbar ta lashi inda yake da ƙurji ko yawunta ya faɗa masa ido ko baki, ya nemi famfo nan take ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, yana duba agogo. Ba a sa toka ko ganye ko barkono ko kananzir, ba a kuma ɗaure wurin tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, a ƙasar da abin ya faru, kafin a hau jirgi. Za a fara masa allurar rigakafi, wadda ake yi a ranar farko da ta 3 da ta 7, a wani tsarin a ƙara ɗaya tsakanin rana ta 14 da ta 28. Idan fata ta huje akwai wata allura ta daban da ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa, mai ɗauke da garkuwa da aka riga aka haɗa, ita ke tsare mutum kafin jikinsa ya haɗa tasa. Ba a yin ta bayan kwana 7 da fara rigakafin, kuma samunta a asibitocinmu da wuya, in an samu ma da tsada. Wanda ya ce sai ya dawo gida zai yi, yana iya rasa ta. Ya karɓi katin alluran ya taho da shi a ƙarasa masa sauran a gida, kada ya tsallake ko ɗaya.

Ko a ƙasashen da babu haukan kare cizon nan ba abin wasa ba ne. Akwai wata cuta da mafarautan Norwe da Kanada suka daɗe da sani, yatsa ya kumbura ya yi jawur, gaɓa ta sandare da azabar ciwo, a da har yanke yatsan ake yi. Wata ƙwaya ce da ke zaune a bakin dabbar, ba ta da bangon da magungunan dangin fenisilin ke fasawa, don haka ba sa yi mata komai. Al'adarmu ta shiga kemis a sayi Ampiclox a haɗiya ba za ta yi aiki a nan ba, sai dai a ɓata lokaci gaɓar tana lalacewa. Dangin tetarasaikilin ne maganinta, kuma likita ba zai rubuta shi ba sai an gaya masa ainihin abin da ya yi cizon. Ban da wannan, fitsarin zakunan teku yana ɗauke da ƙwayar da ke lalata ƙoda, wadda ta cika cibiyar Sausalito da marasa lafiya a 2018, kuma suna da nasu tarin fuka da ya taɓa kama masu kula da su a gidan dabbobi.

Murar tsuntsaye kuma tata ɓarnar ta fi girma. Nau'in H5N1 ya isa Peru a ƙarshen 2022, ya fara da kwasakwasa da sauran tsuntsayen teku, sannan ya faɗa wa zakunan teku. Sama da 5,000 suka mutu a Peru cikin 'yan watanni, kuma kafin 2023 ta ƙare adadin ya haura 24,000 a Peru da Chile da Ajantina da Yurugwai da Barazil. An ga dabbobi suna karkarwa, suna farfaɗiya, kumfa na fita ta hanci. A Oktoban 2023 ta shiga gaɓar Valdés ta Ajantina, inda manyan karnukan teku masu hanci irin na giwa ke haihuwa, ta kashe jarirai kimanin 17,000, fiye da kashi 95 cikin 100 na haihuwar shekarar. Jariran nan nono suke sha, ba sa cin tsuntsu. Dakta Marcela Uhart da abokan aikinta sun nuna alamun cewa ƙwayar ta koyi tsallakawa daga mai shayarwa zuwa mai shayarwa, kuma wannan ne ya tayar wa masana lafiya hankali, domin mu ma masu shayarwa ne. A Maris na 2023 wani mutum ɗan shekara 53 a yankin Antofagasta na Chile, wanda gidansa ke kusa da gaɓar da dabbobin ke mutuwa, ya kamu ya kwanta rai a hannun Allah. Kamuwar mutane ba ta da yawa, amma cikin sama da 900 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga tun 2003, kusan rabi sun rasu.

Wanda ya yi kiwon kaji a 2006 bai manta ba. A watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar da H5N1 karon farko a Afirka, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta bazu Kano da Filato, kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya ta Nijar. An tona ramuka an binne kaji, jarin mutane ya bi ƙasa, a Janairun 2007 wata matashiya ta rasu a Legas. Cutar ta dawo a 2015 da 2021. A 2021 ɗin ta kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun Djoudj na Senegal, ta kuma kashe tsuntsayen teku sama da 20,000 a gaɓar Afirka ta Kudu, gaɓar da haukan kare ke yawo a yanzu. Ƙwayar tana iya yin kwanaki da ranta a cikin kashin tsuntsu mai laima, musamman a wuri mai sanyi. Takalmin da ya taka gaɓar da ke cike da kashin tsuntsaye, aka cusa shi a leda aka jefa a akwati, gobe yana tsakar gida inda kajin Hajiya ke kiwo. A wanke shi da sabulu da ruwan bilic tun a can, a wanke tufafin, kuma mai gonar kaji ya haƙura da shiga ɗakin kajinsa kwana biyu ko uku bayan ya dawo. Haka nan wanda ya fito daga cikin kaji ko ya ratsa gaɓar da ke da matattun tsuntsaye kada ya wuce kai tsaye cikin cibiyar jinya. Cibiya ƙarama mai kududdufi uku ko huɗu, idan cuta ta shiga, duk marasa lafiyarta suna cikin haɗari, ƙofarta kuma za a rufe.

Ɓarnar da mu ke yi musu ma ba kaɗan ba ce, kuma mafi yawanta da kyakkyawar niyya ake yi. Uwa takan ajiye ɗanta a tudu ta shiga ruwa neman abinci. Mutane su gan shi shi kaɗai yana kuka, su kewaye shi, wani ya zuba masa ruwa, wani ya tura shi teku, wani ya naɗe shi a riga ya kai cibiya yana ganin ya yi aikin lada. Uwar tana can cikin ruwa tana kallo, ba za ta fito ba muddin akwai mutane, in abin ya yi tsawo ta tafi ke nan. Wani nau'in mako uku kacal yake shan nono, nono mai kitse har kashi 60 cikin 100, yana ƙara kusan kilo 2 a kullum, don haka yini ɗaya da aka hana shi sha babban gibi ne. A Holan sai da aka yi yarjejeniya a 2020 cewa a riƙa sa wa jariri ido na awa 24 kafin a ɗauke shi, saboda an gane ana raba lafiyayyu da iyayensu. A Amurka dokar 1972 ta hana takura musu, ana kuma son a tsaya nesa da kimanin mita 45, a Ingila ana cewa mita 100. Idan dabbar ta ɗago kai tana kallonka, ka riga ka matso da yawa. Abin yi shi ne a ja baya, a kira lambar masu ceto ko hukumar gari, a faɗi wurin.

Taron masu ɗaukar hoto shi kaɗai ya isa ya kashe dabba. A Agustan 2022 hukumomin Norwe suka harbe Freya, wata ƙatuwar 'yar'uwarsu mai haure biyu, mai nauyin kilo 600, wadda ta zo ta zauna a mashigin ruwan Oslo. An yi ta roƙon jama'a su ba ta wuri, suka ƙi, suna matsowa da yara, har hukuma ta ce ba za ta iya lamunce lafiyar mutane ba. Ba ta kashe kowa ba. A nan yankinmu na Afirka ta Yamma, a kogunan dutse na Ras Nouadhibou da ke iyakar Muritaniya, akwai garke mafi girma na wani nau'in da duk duniya bai kai 1,000 ba. A 1997 annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na garken cikin wata biyu, sai da aka yi shekaru ana gadin wurin, ana hana masunta da baƙi kusantarsa, kafin adadin ya sake haura 300. Garke irin wannan ba zai jure wata annobar da takalmin baƙo ko karensa ya kawo ba. Wata cuta ta daban ta karnukan gida ce ta kashe karnukan teku sama da 10,000 a Tekun Kasbiya a 2000.

Waya ma tana da nata laifin. Mutane da yawa sun ga bidiyon ma'aikatan Ocean Conservation Namibia a YouTube da Facebook, suna sheƙa gudu a rairayin Pelican Point kusa da Walvis Bay, su cafke dabba da raga, su yanke zaren da ya shaƙe ta, su sake ta ta ruga teku. Aiki ne mai kyau, yana sanyaya zuciya. Amma sana'arsu ke nan ta kullum, da raga ta musamman da almakashi na musamman da sanin inda ake danne dabbar, kuma duk da haka cizo bai bar su ba. Saurayin da ya kalli bidiyo ashirin bai zama ɗayansu ba. Wanda ya ga dabba da zare a wuya ya ɗauki hotonta daga nesa ya aika wa masu aikin.

Gane cibiyar kirki ba wuya. Za ka tarar da shinge ko gilashi tsakaninka da marasa lafiya, akwai ɓangaren killacewa da ba a barin kowa ya shiga, an hana taɓawa da ciyarwa da hayaniya, kuma idan ka tambaya za su gaya maka nawa suka karɓa bana, nawa suka mayar teku. Wasu suna riƙe 'yan kaɗan dindindin, makafi ko waɗanda ba za su iya farauta ba, wannan ba laifi ba ne in an bayyana dalili. Idan ka je ka tarar sun rufe saboda cuta, ko suka ce ka tsoma takalminka a magani, ko suka hana ɗanka matsawa, kada ranka ya ɓaci, ka sa musu abin da ya sawwaƙa a akwatin taimako. Wurin da aka miƙo maka jariri ka rungume, ko aka ce ka biya a ɗauke ka hoto kana sumbatar dabba, ka kama hannun iyalinka ku fita, ko da an rubuta ceto da manyan baƙaƙe a ƙofar.

Iyaye masu 'ya'ya a waɗannan ƙasashe, ku ɗaga waya yau ku tambaye su, musamman na Afirka ta Kudu da Namibiya, ko wani ya taɓa zuwa irin wuraren nan, ko an taɓa yakusarsa ko da wasa. Lokacin da aka gano cutar, hukumomin Cape Town sun yi kira ga duk wanda karen teku ya ciza cikin watanni shida da suka gabata ya je asibiti, ko da raunin ya warke sarai, domin muddin alamu ba su bayyana ba allurar tana da amfani. Wanda ya riga ya dawo gida da irin wannan tabo ya tafi babban asibiti gobe da safe, ya gaya wa likita ƙasar da ya je, da ranar, da irin dabbar, ya kuma faɗa masa cewa an tabbatar da haukan kare a cikinsu tun 2024, ya nemi a fara masa allura a ranar.